Jirgin da ba shi da sitiyari: me ke riƙe shi a kan dogo a gudun kilomita 300?

Tambayar ta zo ne daga wani Alhaji, bakanike mai gyaran manyan motoci a Ƙofar Ruwa, wanda ya hau jirgin Haramain daga Madina zuwa Makka lokacin aikin Hajjinsa. Ya ce allon da ke cikin taragon ya nuna gudun kilomita 300 a awa, amma shayin da ke gabansa ko motsi bai yi ba, alhali tsohon jirginmu na Kano zuwa Legas, wanda da ƙyar yake kai kilomita 50, sai ya girgiza mutum har haƙora. Yana son ya san abin da ke juya jirgin a kwana tunda ba shi da sitiyari, da irin sifirin da shokozobar da ke ƙarƙashinsa, da kuma ko za a iya sayo irinsa a ɗora a kan dogon da muke da shi a Kano.

Alhaji, zan fara da gyara wata fahimta da kusan kowa yake da ita, har da wasu ma'aikatan jirgin. Idan ka duba ƙafar jirgi za ka ga tana da leɓe ta ɓangaren ciki, wanda ya sauko gefen dogo, sai mutum ya ɗauka wannan leɓen ne ke tare jirgin yana bi da shi hanya. Leɓen mai gadi ne na ƙarshe, ba a son a kai gare shi. Tsakaninsa da gefen dogo akwai sarari wanda jimlarsa, hagu da dama, ba ta wuce kimanin milimita 10 ba, kuma jirgin da ke da lafiya a kan miƙaƙƙen layi yakan yi tafiya mai nisa ba tare da leɓen ya taɓa ƙarfe ba. Wannan ƙarar mai tsinka kunne da ake ji idan jirgi yana shiga matsattsiyar kwana kusa da tasha, yawanci ƙarar ƙafa ce tana gurzar dogo, kuma a gudun 300 babu injiniyan da zai yarda jirginsa ya dogara da irin wannan gurza.

Sitiyarin jirgi yana cikin siffar ƙafar kanta. Ƙafafun nan biyu, ta hagu da ta dama, a manne suke da aksul ɗaya, don haka dole su yi juyi iri ɗaya, babu wadda za ta fi wata. Ka fi ni sanin cewa a babbar mota akwai giyar baya da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana, domin hanyarta ta fi tsawo. Jirgi ba shi da wannan giya. Abin da aka yi shi ne, fuskar ƙafar da ke taka dogo ba a miƙe take ba, an ɗan gangarar da ita, ta fi kauri kusa da leɓe, ta sirance zuwa waje. A al'ada gangaren yakan zama 1 cikin 20, wato a duk faɗin milimita 20 ƙafar ta rage milimita 1. Idan jirgi ya shiga kwana, ƙafafun sai su ɗan gusa waje, ta wajen ta hau wurin da take da kauri, ta cikin ta koma wurin da take da siranta. Juyinsu ɗaya ne, amma mai kauri ta fi cin ƙasa a kowane juyi, saboda haka aksul ɗin da kansa yake lanƙwasa ya bi kwanar. Haka nan a miƙaƙƙen layi, idan wani abu ya tura shi dama, ƙafar dama ta ƙara kauri ta wuce 'yar'uwarta, sai ta karkato da shi tsakiya.

Na taɓa nuna wa yarana wannan a zaure, kuma kai ma za ka iya gwadawa a gareji. Ka samo kofunan roba biyu irin na kunu, ka haɗa su baki da baki ka naɗe da salatif, yadda tsakiya za ta yi kauri, gefuna su sirance. Ka jera bututun ruwa biyu a gefen juna, ka ɗan ɗaga kansu, ka saki kofunan. Za ka ga suna gangarowa suna ɗan karkaɗa hagu da dama amma ba sa faɗuwa, ko da ka lanƙwasa bututun kaɗan. Sannan ka juya su, ka haɗa gindi da gindi su yi siffar kalangu, ƙugu a tsuke baki a buɗe. Ba za su yi taku biyu ba sai sun zame sun faɗi, domin a wannan siffar duk ƙafar da ta kauce, ƙara kaucewa take yi.

To a cikin wannan ɗan karkaɗawar da kofunan farko suke yi gizo ke saƙa. Ƙafafun ba sa dawowa tsakiya su tsaya, wucewa suke yi zuwa ɗaya gefen, sannan su sake dawowa. Japanawa suna kiran wannan motsi tafiyar maciji, kuma ban ga sunan da ya fi shi dacewa ba. Tun a 1883 wani injiniya Bajamushe mai suna Klingel ya fitar da lissafin tsawon kowace lanƙwasa ta macijin, ya nuna cewa ya danganta ne da girman ƙafa, da faɗin dogo, da gangaren fuskar ƙafar, babu ruwansa da gudu. Idan ka ɗauki ƙafa mai faɗin milimita 920 a kan dogo mai faɗin milimita 1,435, gangare 1 cikin 20, lissafin zai ba ka kimanin mita 16 da rabi. Jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin wannan tazarar a daƙiƙa ɗaya, wato lilo ɗaya a daƙiƙa, abin da fasinja zai ji kamar jijjigar reno. Wanda ke gudun 300 kuwa yana cin fiye da mita 83 a daƙiƙa, wato lilo biyar. Ƙarfin bugun da ake samu ba ninki biyar yake ƙaruwa ba, yana tafiya ne da gudu sau gudu, ya zama ninki 25.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Wurin da ƙafa ke taɓa dogo bai fi girman farcen babban yatsa ba, kuma a kan wannan ɗan wuri nauyin tan takwas ko fiye yake zaune. Ƙarfen biyu suna ɗan lotsawa, suna ɗan zamewa da juna kaɗan-kaɗan yadda ido ba ya gani, kuma ta wannan zamewar ce ƙarfin da ke tura jirgi gaba yake malalowa ya shiga cikin lilon. A ƙaramin gudu lilon yakan mutu da kansa. Amma kowane jirgi yana da wani gudu wanda idan ya haye shi lilon ba ya mutuwa, girma yake yi, har sai leɓe ya riƙa dukan dogo dama da hagu. Faransawa sun gani da idonsu a watan Maris na 1955, lokacin da suka kai kilomita 331 a awa a layin da ke kudu da birnin Bordo. Sun kafa tarihi, amma da aka koma aka duba dogon bayan wucewar jirgin, sai aka tarar ya lanƙwashe kamar an ja igiya an sake. Wannan ya nuna musu cewa inji mai ƙarfi ba shi ne matsalar ba, riƙe jirgin a kan hanya ita ce.

Abin da ya ba ni sha'awa a tarihin shi ne, waɗanda suka warware matsalar daga fannin jiragen sama suka fito. A Japan akwai Tadashi Matsudaira, wanda a lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki a kan rawar da fukafukin jirgin yaƙi ke yi idan ya kai wani gudu har ya karye. Da ya koma cibiyar binciken jiragen ƙasa bayan yaƙi, sai ya gane cewa ciwon ɗaya ne. Tsofaffin ma'aikata suna ɗora laifin kowane gocewar jirgi a kan karkataccen dogo, shi kuma ya nuna cewa jirgi zai iya yin tafiyar maciji ko da dogon ya miƙe sarai. Aikinsa yana cikin abin da ya sa aka iya buɗe layin Shinkansen tsakanin Tokiyo da Osaka a ranar 1 ga Oktoba 1964, da gudun kilomita 210 a awa. A Ingila kuma Alan Wickens, shi ma daga fannin jiragen sama, ya yi irin wannan aiki a cibiyar binciken jiragen ƙasa ta garin Darbi a shekarun 1960, ya fitar da lissafin yadda taurin sifirin ke sauya gudun da macijin yake farkawa.

Yanzu mu shiga ƙarƙashin tarago. Ba a kan aksul kai tsaye tarago yake zaune ba. Akwai wani ƙaramin firam na ƙarfe mai aksul biyu, kamar amalanke, ana kiransa bogi, yawancin taragu suna da biyu, gaba da baya. Sifirin hawa biyu ne. Hawa na farko yana tsakanin aksul da firam ɗin bogi, yawanci naɗaɗɗen sifirin ƙarfe ne da bushin roba mai tauri. Aikinsa ba ɗaukar nauyi kawai ba ne, babban aikinsa shi ne ya riƙe aksul ɗin kada ya riƙa murɗawa yadda ya ga dama, ya kuma bar masa ɗan 'yanci na bin kwana. Hawa na biyu yana tsakanin bogi da jikin tarago, shi ne na jin daɗin fasinja, zan dawo kansa. Bayan waɗannan akwai wata doguwar shokozoba a kwance a kowane gefen bogi, kanta ɗaya a firam, ɗayan a jikin tarago. Ba ruwanta da hawa da sauka. Idan bogi yana juyawa a hankali don shiga kwana, takan ba shi hanya, idan kuwa ya fara murɗawa da sauri sau uku ko huɗu a daƙiƙa, sai ta cije. A ganina, a duk kayan da ke ƙarƙashin jirgi mai gudu babu wanda ya kai ta muhimmanci idan aka kwatanta da girmanta, kuma idan ta yi yoyo dole a rage wa jirgin gudu nan take.

An kuma rage gangaren ƙafar zuwa 1 cikin 40, abin da ke miƙar da lanƙwasar macijin daga mita 16 da rabi zuwa kimanin 23, sannan aka nisanta aksul biyun da juna: mita 2.5 a Shinkansen, mita 3 a TGV, jirgin Faransa mai gudu. Da irin wannan bogin, bayan an ƙara wa ƙafafun injin girma, TGV ya kai kilomita 574.8 a awa a gwajin 3 ga Afrilu 2007.

Sai dai duk waɗannan magunguna suna da kuɗinsu. Duk abin da ka yi don bogi ya tsaya ƙyam a miƙaƙƙen layi, ka rage masa iya shan kwana ne. Gangare kaɗan, sitiyari kaɗan ke nan. Aksul masu nisa da juna da sifirin mai tauri suna sa bogi ya shiga kwana kamar doguwar tirela a lungun cikin Birni. Babu dabarar da ta kawar da wannan cinikin gaba ɗaya, saboda haka sai aka mayar da nauyin a kan hanya, aka ce tunda jirgin ba zai iya matsattsiyar kwana ba, kada a gina masa ita. A layin farko na Japan, kwana mafi tsanani tana daidai da da'irar da daga tsakiyarta zuwa bakinta mita 2,500 ne. A layin Faris zuwa Liyon da aka buɗe a 1981 an nemi mita 4,000, a sababbin layukan Sin na gudun 350 kuwa mita 7,000. Ana kuma ɗaga dogon waje ya fi na ciki tsayi, har zuwa milimita 180 a Faransa, don jirgin ya kwanta cikin kwanar kamar yadda mai babur yake kwanciya. A kwanar mita 4,000 da gudun 300, wannan ɗagawar tana shanye kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ke jefa mutum waje, sauran kuma bai kai ya zubar da shayi ba. Inda ba a iya miƙar da hanya ba, sai a sa jikin taragon ya ƙara kwanciya da kansa: jirgin Pendolino na Italiya yakan kwanta har digiri 8, N700 na Japan kuma digiri 1 kacal, wanda ya ishe shi ya wuce tsofaffin kwanonin nan ba tare da taka birki ba.

Batun shayinka kuwa, aikin hawa na biyu ne. A nan ba sifirin ƙarfe ake sawa ba, jakar roba ce cike da iska, mai kama da taya a kwance, irin wadda ka sani a ƙarƙashin wasu manyan motocin safa. Tana da bawul da ke ƙara iska idan fasinjoji sun cika, ya rage idan sun sauka, don haka tsayin tarago ba ya sauyawa. Ana daidaita laushinta yadda jikin tarago zai yi lilonsa kusan sau ɗaya a daƙiƙa, domin girgizar da ta fi haka sauri sosai, kaɗan ce daga cikinta ke ratsa jakar ta hau sama, kuma lilon da ya fi haka jinkiri shi ke tayar wa mutum da zuciya. TGV na farko da sifirin ƙarfe ya fara, daga baya aka sauya masa zuwa na iska saboda jin daɗin tafiya. Japanawa sun ƙara gaba, sun sa na'urar da ke auna girgizar gefe tana sauya taurin shokozoba nan take, wasu jiragen ma har tura jikin taragon take yi saɓanin girgizar.

Akwai nauyin da babu sifirin a ƙarƙashinsa, wato ƙafafu da aksul da abin da ke manne da su. Wannan nauyin shi ke dukan dogo kai tsaye a duk inda aka sami ɗan tudu ko rami, shi ya sa ake huda tsakiyar aksul a wasu jiragen, kuma a TGV aka rataye injinan lantarki a jikin kan jirgin maimakon a ɗora su a bogi, aka kuma ƙayyade cewa kowane aksul kada ya ɗauki fiye da tan 17. Neman laushi a wurin da bai dace ba ya taɓa jawo masifa. A Jamus, don a rage wata girgiza da ke damun fasinjojin ICE na farko, wato jiragensu masu gudu, an sa wa jiragen ƙafafu masu zoben roba tsakanin cibiya da bakin ƙarfe. A ranar 3 ga Yuni 1998, kusa da garin Eschede, bakin ƙarfen wata ƙafa ya tsage saboda gajiya a gudun kilomita 200, jirgin ya goce ya daki gada, mutum 101 suka rasu. Bayan haka aka koma ƙafa ta ƙarfe zalla.

Wani abin mamaki, Alhaji, shi ne jirgin da ka hau ya saɓa wa rabin abin da na faɗa. Na kamfanin Talgo ne na Sifaniya, kuma duk da cewa kawunansa biyu suna da bogi irin na kowa, taragun fasinjansa ba su da aksul mai haɗa ƙafar hagu da ta dama. Kowace ƙafa juyinta take yi ita kaɗai, ƙafa biyu ne kawai a mahaɗar kowane tarago da na bayansa, taragun kuma gajeru ne. Tunda babu aksul, babu abin da zai haifar da tafiyar maciji irin ta Klingel. Amma wanda ya rabu da macijin ya rabu da sitiyarin ma, don haka sai aka haɗa ƙafafun da taragun gaba da baya ta wasu sanduna, yadda idan taragun biyu suka lanƙwasa a kwana, sandunan za su juya ƙafafun su fuskanci inda dogo ya nufa.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Dogon da ya iso Kano a 1911, wanda ya yi jigilar dalar gyaɗa, faɗinsa milimita 1,067 ne, ƙafafun jirgin Haramain ba za su ma hau shi ba. Ko da sun hau, an shimfiɗa shi ne yana bin ƙasa yadda ta zo, da matsattsun kwanoni, da guntayen ƙarafa da aka haɗa da noti, kuma kowane mahaɗi guduma ce ga ƙafa, shi ne wannan ƙwas-ƙwas da kake ji. Sababbin layuka, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Legas zuwa Ibadan na 2021, faɗinsu 1,435 ne, haka ma waɗanda ake ginawa daga Kaduna zuwa Kano da daga Kano zuwa Maraɗi. Amma na Abuja da na Ibadan don gudun kilomita 150 aka tsara su, alhali a ma'aunin duniya sabon layi sai ya kai 250 ake sa shi a sahun masu gudun gaske. A Afirka, Maroko ce ta fara da jirgin Al Boraq a 2018, mai gudun 320 tsakanin Tanja da Kenitra, kuma sabon layi ta gina masa tun daga tushe.

Abin da ni ya fi damuna ba sayen jirgin ba ne, ko ma gina layin. Na taɓa shafa ƙafar wani tarago da ya daɗe yana aiki ba a sassaƙe ta ba, yatsana ya faɗa cikin wani ɗan kwari da dogo ya ci a tsakiyar fuskarta, zurfinsa bai fi milimita biyu ko uku ba. A ido ba komai ba ne. Amma ƙafar da ta yi kwari ta daina zama mai gangare 1 cikin 40, da ta gusa kaɗan sai ta hau gefen kwarin, gangarenta na zahiri ya ninka, gudun da macijin ke farkawa ya sauko ƙasa, wani lokaci har ƙasa da gudun da jirgin ke yi kullum. Shi ya sa duk ƙasar da ke da irin waɗannan jirage take da injin sassaƙa a cikin rami, jirgi ya hau kansa a gyara masa fuskar ƙafa ba tare da an kwance ta ba, take kuma da jirgin awo da ke bin layi yana auna karkacewar milimita, da injin goge kan dogo. A ƙasarmu ƙura za ta gaggauta wannan cin, domin yashi tsakanin ƙarfe da ƙarfe dutsen wasa ne, kuma ƙurar hunturu ba ta barin bawul ɗin jakar iska da hatimin shokozoba su zauna lafiya. Ga kuma zafi. Dogon jirgi mai gudu a walde yake tsawon kilomitoci babu mahaɗi, kuma ƙarfe mai tsawon kilomita ɗaya, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40, yana neman ya miƙe da kusan santimita 46. Tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin watan Afrilu a Kano, ƙarfen da ke kwance a rana zai iya ganin irin wannan bambanci. Tunda an ɗaure shi ba zai iya miƙewa ba, ƙarfin yana nan a cikinsa yana neman inda tsakuwar gefe ta yi ƙaranci ya bankaɗe ta, don haka dole a ɗaure dogon a daidai zafin da ya dace da yanayin Kano, a kuma hana kowa kwasar tsakuwar da ke kafaɗar layin.